Daga Ina OK Ta Fito?

Akwai labarin da ake yawan bayarwa kan asalin OK, kuma yana da daɗin ji. Wai a lokacin yaƙin basasar Amurka, idan runduna ta dawo sansani ba a kashe mata ko mutum ɗaya ba, sai a rubuta sifiri da harafin K a jikin allo, domin kalmar kisa a Turanci da K take farawa. Sifiri kuwa ya yi kama da O. Wai daga nan duniya ta samu OK. Malamai kan faɗa wa ɗalibai wannan a aji, abokai kan tura wa juna ta waya, kowa ya ji sai ya gyaɗa kai. Amma an fara yaƙin nan a 1861, aka gama a 1865, alhali OK tana cikin jaridun Amurka tun 1839. Ta girmi yaƙin da shekara 22, don haka labarin ya faɗi tun bai tashi ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Da wuya a sami kalmar da al'ummu suka yi rububin mallaka kamar wannan. Girkawa sun ce tasu ce, daga ola kala, wato komai lafiya. Mutanen Sikotland sun ce och aye ɗinsu ne aka lanƙwasa. Masu son Faransanci sun nuna Aux Cayes, tashar jiragen ruwa a Haiti da ta yi suna wajen barasar rake, wai matuƙa ne suka riƙa kiran sunan garin a kan duk kaya mai kyau. Jamusawa sun kawo ohne Korrektur, abin da babu gyara a cikinsa. Wasu kuma mutum suke nema: wani mai gasa wa sojoji biskit, ko wani ma'aikacin jirgin ƙasa, da ke buga haruffan farkon sunansa a kan kaya. Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su. Akwai kamar sauti, amma babu takarda mai kwanan wata da ke nuna kalmar tana tasowa daga can tana shiga bakin Amurkawa.

Labarai biyu ne suka fi sauran nauyi, kuma su suka daɗe suna riƙe da fage.

Na farko ya rataya ne a wuyan Andrew Jackson, shugaban Amurka na bakwai, wanda ya yi mulki daga 1829 zuwa 1837. Soja ne da ya taso a karkara, karatunsa bai yi zurfi ba, abokan hamayyarsa kuma ba su taɓa barin a manta da haka ba. Aka ce idan an kawo masa takarda ya duba ya gamsu, sai ya rubuta O.K. a kai, a zatonsa da O da K ake fara rubuta all correct, wato komai daidai. Daga baya har aka samo abin da ya yi kama da hujja: wata takardar kotu ta 1790 a yankin Tennessee, inda Jackson, yana saurayin lauya, ya tabbatar da cinikin wani bawa baƙar fata tsakanin mutum biyu, aka ce an rufe rubutun da O.K. Da masu bincike suka koma kan ainihin littafin kotun, sai suka ga O.R. ne, taƙaitawar da magatakarda ke yi don nuna an ba da umarnin shigar da abu cikin rajista. Wanda ya kwafa ne ya ɗauki R a matsayin K. Ina karanta wannan sai hankalina ya bar haruffan ya koma kan mutumin da aka sayar, wanda takardar ba ta ma damu da sunansa ba, ga shi shekaru masu yawa masana na jayayya a kan harafi ɗaya da ke ƙarshen cinikinsa.

Na biyu ya fi mutunci. Ƙabilar Choctaw, ɗaya daga cikin 'yan asalin Amurka da ke zaune a yankin Mississippi, suna da wata kalma da masu wa'azin Kirista suka rubuta okeh ko hoke, wadda ake rufe zance da ita, ma'anarta kusan "haka ne". A 1885 wani farfesa a Jami'ar Alabama, William Wyman, ya ce daga nan OK ta fito, kuma Jackson ne ya ɗauko ta, tunda mayaƙan Choctaw ƙarƙashin sarkinsu Pushmataha sun yi yaƙi tare da shi. Maganar ta karɓu ƙwarai. Woodrow Wilson, wanda ya shugabanci Jami'ar Princeton kafin ya shugabanci ƙasa daga 1913 zuwa 1921, okeh yake rubutawa a takardun da ya amince da su, don a ganinsa wannan ne rubutu na asali. A 1918 aka kafa kamfanin faifan waƙa mai suna OKeh, wanda a farko har hoton ɗan asalin Amurka yake sawa a tambarinsa, ko da yake mai kamfanin, Otto K. E. Heinemann, haruffan sunansa ma sun dace da hakan. Manyan ƙamusoshi suka ɗauki bayanin suka riƙe shi shekara da shekaru. Kalmar Choctaw ɗin gaskiya ce, tana nan a littattafan nahawunsu. Abin da babu shi ne gada: ba a ga Turawan kudu suna rubuta ta kafin 1839 ba, kuma inda OK ta fara ɓulla ya yi nisa da ƙasar Choctaw da fiye da mil 1,000.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Allen Walker Read, farfesan Turanci a Jami'ar Columbia da ke New York. An haife shi a 1906, ya rasu a 2002. Aikinsa ba shi da wani asiri in ban da haƙuri: zama a ɗakin karatu yana buɗe tsofaffin jaridu shafi bayan shafi, yana kwafe duk inda ya ga kalma a kan ɗan kati tare da kwanan wata. A lokacin babu kwamfutar da za ka rubuta mata haruffa biyu ta zaƙulo maka su cikin daƙiƙa. Ido ne da yatsa.

A 1941 Read ya buga sakamakonsa na farko. Ya ce OK 'yar siyasa ce, an haife ta a zaɓen 1840, daga laƙabin Shugaba Martin Van Buren. Masana da yawa suka ce an gama. Sai wasu masu bincike suka fara turo misalai daga jaridun 1839, kafin a fara yaƙin neman zaɓen. Abin da ya sa nake ganin girman mutumin nan ke nan: bai tsaya kare abin da ya riga ya buga ba, ya koma ɗakin karatu. Tsakanin 1963 da 1964 ya fitar da jerin maƙalu a mujallar American Speech, inda ya gyara maganarsa ta farko, ya kuma bi sauran labaran ɗaya bayan ɗaya yana nuna ranar da kowanne ya fara fitowa da wanda ya fara faɗarsa.

Ga abin da ya tarar. A bazarar 1838 wani yayi ya kama 'yan jarida da samarin Boston masu ilimi: taƙaita magana zuwa haruffan farko. N.G. na nufin no go, abin da ba zai yiwu ba. S.P. na nufin small potatoes, abin da bai taka kara ya karya ba. G.T. na nufin gone to Texas, wanda ya ci bashi ya gudu. Duk wanda ya ga yadda yaranmu ke rubuta "slm", "ykk" da "lfy lau" a waya ya san irin abin. Sai dai na Boston sun ƙara wani salo a kai. Sukan ɓata rubutun kalma da gangan, kamar yadda wanda bai je makaranta ba zai rubuta, sannan su taƙaita ɓataccen. All right, da ya kamata ta zama A.R., sai ta zama O.W., kamar an rubuta oll wright. No use ta zama K.Y., no go ta sake fitowa a matsayin K.G. Daɗin wasan shi ne mai karatu ya tsaya ya yi tunani, ya gano, ya ji shi ma ɗan gari ne.

A cikin wannan yayi, ranar Asabar 23 ga Maris 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga wani ɗan rubutun zolaya a shafi na biyu. Akwai wata ƙungiyar barkwanci a garin da aka kafa a 1838 a kan dokar da ta shafi kaɗa ƙararrawar kiran cin abinci, ana kiranta Anti-Bell-Ringing Society. 'Yan ƙungiyar sun yi tafiya zuwa New York, editan wata jarida a garin Providence ya tsokane su, ita kuma ta Boston ta rama. A tsakiyar wata doguwar jimla mai kwana-kwana, inda ake kwatanta yadda za a tarbi tawagar a buɗe kwalabe, aka sa o.k. da ƙananan haruffa, aka bi ta nan take da all correct. Editan jaridar, Charles Gordon Greene, shi ake ɗauka ya rubuta.

Wannan fassarar da aka liƙa mata ita ce babbar shaida. Marubuci ba ya fassara wa masu karatunsa kalmar da suka tashi da ita. Da OK ta daɗe a bakin mutane, daga Choctaw ko daga matuƙan Haiti, da ba sai an ce ga abin da take nufi ba. Kuma tana zaune ne cikin 'yan'uwanta, O.W. da K.Y. da K.G., duk ƙirar hannu ɗaya, cikin yayi ɗaya. Kafin 1839 ta ƙare, jaridun New York da Philadelphia da New Orleans sun ɗauka, domin a zamanin editoci na musayar jaridu suna kwasar abin dariya daga juna.

To me ya sa sauran suka mutu ita ta rayu? Nan ne binciken Read na farko ya dawo da amfaninsa. Van Buren ɗan wani ƙaramin gari ne a jihar New York mai suna Kinderhook, garin jikokin mutanen Holan, har shi kansa da harshensu ya fara magana kafin Turanci. Magoya bayansa na kiransa Old Kinderhook, kamar a ce Dattijon Kinderhook. A Maris 1840 'yan jam'iyyarsa ta Democrat a New York suka kafa ƙungiyar goyon baya suka sa mata O.K. Club. Sunan ya yi musu aiki biyu: ga laƙabin ɗan takara, ga kuma sabuwar kalmar gari mai cewa komai daidai. Ba 'yan lallashi ba ne, a watan nan suka kutsa taron jam'iyyar hamayya ta Whig suna ihun O.K., jaridu suka cika da labari.

'Yan hamayya suka juya haruffan kansa. Tattalin arzikin ƙasar ya karye tun 1837, bankuna sun rufe, mutane sun rasa aiki, saboda haka suka ce O.K. na nufin Out of Kash, aljihu ya bushe, ko Out of Kredit, ba mai ba shi bashi. A ƙarshen watan Maris ɗin ne jaridar New York Herald ta James Gordon Bennett ta buga labarin cewa Jackson, ubangidan Van Buren a siyasa, shi ya fara rubuta O.K. saboda jahilci. Ke nan labarin da aka yi shekara fiye da 100 ana koyarwa kamar tarihi, asalinsa sharrin zaɓe ne, kuma an san jaridar da ta ƙaga shi. Van Buren ya sha kaye hannun William Henry Harrison, ƙuri'ar wakilai 234 da 60. Amma kafin a rufe rumfunan zaɓe, haruffan biyu sun shiga kowane lungu na ƙasar.

Daga nan sai aiki ya karɓe ta daga hannun wasa. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙon tangarahu tsakanin Washington da Baltimore, wayoyi suka bi layin dogo suka ratsa ƙasar. Ma'aikacin tangarahu na bukatar gajeriyar alama da zai nuna saƙo ya iso lafiya, akawu na bukatar abin da zai sa a gefen takarda don nuna an duba. O da K ba sa rikicewa da wani abu, a ido ko a kunne, kuma kusan kowane harshe na da sautukan da zai furta su. Sojojin Amurka da fina-finansu suka yaɗa ta a ƙarni na 20. Ranar 20 ga Yuli 1969, da kumbon Apollo 11 ya taɓa ƙasar wata, tana cikin kalmomin farko da Buzz Aldrin ya furta yana tabbatar da an kashe inji. Yau mai POS a bakin kasuwa yakan miƙo maka na'ura ya ce, "Alhaji, sa lambarka ka danna OK," bakanike ya rufe bonet ya share hannu da tsumma ya ce mota ta yi oke, ba wanda ke jin ya ari bakin wani.

Saura labarin da ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi wuyar ajiyewa. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, David Dalby, masanin harsunan Afirka a Landan, ya ce a duba Afirka ta Yamma. A Wolof na Senegal da Gambiya, waaw kay na nufin "e, ƙwarai kuwa". A harsunan Mande akwai o ke, mai ma'ana kusa da "haka ne". Daga waɗannan yankuna an kwashi bayi masu yawa zuwa Amurka. Dalby ya kawo wani littafin tafiye-tafiye na 1784 inda Bature ya rubuta wani bawa a North Carolina yana fara magana da kay, da wani rubutu daga Jamaika na 1816 mai ɗauke da oh ki. Hujjarsa ta ƙarshe tana da ƙarfi: bayi ba su da jarida, abin da suka faɗa ba ya shiga takarda sai in Bature ya ga dama, don haka wanda ya ce sai ya ga takarda ya riga ya rufe musu ƙofa.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma tarihi ya sha tabbatar da shi. Sai da Lorenzo Dow Turner, masani baƙar fata, ya buga bincikensa a 1949 kan harshen Gullah na gaɓar South Carolina da Georgia, sannan aka yarda cewa dubban sunaye da kalmomin Afirka sun tsallaka teku sun rayu. Okra, sunan kuɓewa a Turanci, daga Afirka ta Yamma ya je. Goober, wani sunan gyaɗa a kudancin Amurka, daga nguba na yankin Kongo da Angola yake. Ba wanda ke musun waɗannan yau.

Amma OK ba ta bi hanyarsu ba. Frederic Cassidy, haifaffen Jamaika kuma ɗaya daga cikin mawallafan ƙamusun Turancin tsibirin, ya duba misalan Dalby a 1981 ya nuna cewa ki ɗin nan furucin mamaki ne, ba na amincewa ba. Sannan kalmomin Afirka da suka shiga Turancin Amurka a kudu suka fara bayyana, wajen gonakin shinkafa da auduga, a matsayin kalmomi cikakku. OK kuwa a arewa ta fito, a matsayin haruffa biyu masu ɗigo, tare da fassararta. Zan so a ce tamu ce, amma so ba ya zama hujja. Kuma idan muka nace a kan abin da ba shi da tushe, muna ba masu musu damar yin watsi da wanda yake da shi.

Mu ma an yi mana irin wannan, ta ɗaya gefen. Shekaru da yawa ana rubutawa, har a littattafan masana, cewa boko daga book na Turanci ta fito. Sauti ya yi kama, ma'ana ta yi kusa, kowa ya huta. Masanin Hausa Liman Muhammad ya riga ya ce ba haka ba ne, sannan wani masanin, Paul Newman, ya bi diddigin maganar a 2013 ya nuna kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin algus ko abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda take a amaryar boko da biri boko, kuma da ita kakanninmu suka yi wa karatun Nasara laƙabi don raini. Wanda ya ji zafin a ce kalmarsa aro ce saboda kamar sauti kawai, ya kamata ya yi hattara kafin ya karɓe ta wani da hujja iri ɗaya.

Sanin asalin yana warware gardamar da ake yi a ofis da aji kan wane rubutu ne daidai. Da yawa na ɗauka okay ce cikakkiyar kalma, OK kuma taƙaitawarta, har malami kan ja wa ɗalibi jan biro a kai. Tarihi ya nuna akasin haka: haruffan ne suka riga, okay daga baya aka rubuta ta don kwaikwayon yadda ake furta su. OK da O.K. da okay duk karɓaɓɓu ne. Kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓi OK, marubutan labaran ƙirƙira sun fi son okay domin ta fi kwanciya a cikin jimla. Abin da editoci ke nema shi ne a ɗauki ɗaya a tsaya a kanta daga farkon rubutu zuwa ƙarshe. Ok mai babban O da ƙaramin k ta yi yawa a waya, amma ba a sonta a rubutun da za a buga.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ma'ana. A 1839 tana nufin komai daidai, amma a bakin Bature na yau ta sauko. Idan ka ciyar da baƙo ya ce abincin was OK, bai yaba ba, cewa ya yi ba yabo ba fallasa. Ɗalibin da ya rubuta wa mai ba da gurbin karatu cewa sakamakonsa is OK, yana zaton ya ce mai kyau ne, ya rage wa kansa daraja da hannunsa. Idan kuwa tambaya ce bayan haɗari ko rashin lafiya, are you OK, to nan kulawa ce zalla, amsar ma da ita ake bayarwa. Tana aiki a matsayin suna, a ce an sami OK ɗin shugaba, tana kuma zama aikatau, a ce ya yi OK ɗin takarda, duk Turanci ya yarda. Amma a wasiƙar neman aiki, takardar kotu ko rahoton hukuma, approved ko acceptable ko satisfactory ake sawa, gwargwadon abin da ake nufi. Haka kuma idan na gaba da kai, shugaba a wurin aiki ko malaminka, ya rubuto maka dogon bayani, amsa da OK ita kaɗai kan zo masa kamar an katse shi, K tsurarta kuwa ta fi muni. A irin wannan wuri sai a cika jimla: a ce an gani, an gode, a kuma faɗi ranar da za a yi abin da ya nema.